Ma'ana da Asalin Salon Maganar Ingilishi "Hit Below the Belt": Daga Dokokin Dambe Zuwa Hukuncin Ɗabi'a

Tsakure

Salon maganar Ingilishi na "hit below the belt", wanda ma'anarsa ta zahiri ita ce kai duka ƙasa da ɗamara, ana amfani da shi ne wajen zargin mutum da cutar da abokin hamayyarsa ta hanyar da ƙa'ida ba ta amince da ita ba. Wannan maƙala ta bi sawun salon a cikin dokokin damben Ingila guda uku, wato na 1743 da na 1838 da na 1867, sannan ta feɗe ma'anarsa da ƙirarsa. Binciken ya gano cewa haramcin duka ƙasa da ƙugu ya girmi dokokin Queensberry na 1867 da aka saba jingina shi gare su, kuma ma'anar salon tana da iyaka sananniya: keta haddi a cikin hamayyar da ita kanta halattacciya ce.

1.0 Gabatarwa

Salon magana jerin kalmomi ne da suka daskare wuri guda, waɗanda ba a gane manufarsu ta hanyar tara ma'anar kowace kalma ita kaɗai. Ingilishi ya ɗebo da yawa daga cikin irin waɗannan a fagen dambe. Akwai "throw in the towel", jefa tawul cikin fage, wanda ke nufin miƙa wuya. Akwai "on the ropes", wanda ke siffanta mutumin da aka matsa har ya jingina da igiyar fage, ana nufin wanda ke gab da faɗuwa. Waɗannan suna bayyana halin da ɗan dambe yake ciki ne. Salon da ake nazari a nan ya bambanta da su, domin shi hukunci yake yankewa a kan ɗabi'ar wanda ya kai dukan.

Manufar maƙalar kashi uku ce. Ta farko, tantance dokar da ta fara haramta duka ƙasa da ƙugu a damben Ingila. Ta biyu, fito da rukunan ma'anar salon bayan ya bar fagen dambe ya shiga siyasa da muhawara da zamantakewa. Ta uku, duba matsalar da mai fassara ke fuskanta idan zai juya shi zuwa Hausa, kasancewar Ingilishi shi ne harshen hukuma a Nijeriya, kuma kullum masu fassarar labarai suna cin karo da shi.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun kasu gida biyu: na masana kimiyyar harshe a kan salon magana gaba ɗaya, da na masu bin asalin kalmomi.

A gida na farko, Makkai (1972) ya bambanta salon da mai sauraro zai iya warware ma'anarsa da kansa da wanda dole sai an koya masa. Lakoff da Johnson (1980) sun kawo ra'in siffantawar tunani, inda suka nuna cewa ɗan Adam yana fahimtar abu mai wuyar kamawa ta hanyar abin da ya saba gani da ido. Misalin da suka buɗe littafinsu da shi shi ne yadda masu magana da Ingilishi ke ɗaukar muhawara tamkar yaƙi, da kai hari da kare kai da cin nasara. Nunberg da Sag da Wasow (1994) sun raba salon magana kashi biyu: wanda kowane ɓangarensa yake da abin da yake wakilta a ma'anar aro, da wanda ma'anarsa dunƙulalliya ce ba ta rarrabuwa. Moon (1998), wadda ta dogara da rumbun matani na Ingilishi, ta nuna cewa daskararrun maganganu sukan karɓi sauye-sauye fiye da yadda ake zato, kuma da yawansu suna ɗauke da yabo ko zargi.

A gida na biyu, babu saɓani a kan cewa daga dambe salon ya fito. Saɓanin yana kan wace doka ce. Ra'ayin da ya fi yawo a littattafan gama-gari shi ne cewa dokokin Queensberry ne tushensa. Wasu kuma suna mayar da shi ga dokokin Jack Broughton na 1743. Giɓin da wannan maƙala ke son cikewa shi ne cewa ba kasafai ake jera dokokin uku a gwada abin da kowace ta ƙunsa ba.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kwatancen matani bisa jerin tarihi, inda aka duba kowace doka da tambayoyi uku: wane aiki ta haramta, a wane sashen jiki, kuma mene ne hukuncin wanda ya karya. Ta biyu ita ce feɗe ma'ana zuwa rukunai, bisa ra'in siffantawar tunani. An yi amfani da kalmar "fagen tushe" ga inda hoton ya fito, wato dambe, da "fagen sauka" ga inda aka ɗora shi, wato muhawara da sauran hulɗar jama'a. Misalan tarihi na faɗan da aka ambata sanannu ne a tarihin wasan. Misalan magana kuwa an tsara su ne domin fayyace bayani.

4.0 Asalin Salon

4.1 Dokokin Broughton na 1743

A farkon ƙarni na 18, damben Ingila da tsurar hannu ake yin sa, ba safar hannu, kuma ya haɗa da kokawa. Jack Broughton, zakaran zamaninsa wanda ya taso a ƙarƙashin James Figg, ya wallafa dokoki bakwai ranar 16 ga Agusta, 1743, domin dandalin dambensa da ke Landan. Masu tarihin wasan suna danganta wannan mataki da rasuwar George Stevenson bayan karawarsa da Broughton a 1741.

Mafi yawan dokokin bakwai sun shafi tsarin faɗa da kuɗi ne. Sun tanadi a zana murabba'i da alli a tsakiyar dandali, a ba wanda ya faɗi rabin minti ya dawo wurin, a zaɓi masu hukunci biyu daga cikin manyan mutanen da ke wurin, a kuma ba wanda ya yi nasara kashi biyu cikin uku na kuɗin. Wannan ya nuna cewa hana rigima tsakanin masu caca yana cikin manyan dalilan kafa su. Doka ta bakwai ce ta mayar da hankali kan abin da aka hana ɗan dambe ya yi wa abokin karawarsa. Ta hana dukan wanda ya faɗi, ta ɗauki wanda ke durƙushe a matsayin faɗaɗɗe, sannan ta hana kama mutum ta bayan cinya ko ta wando ko ta kowane sashe da ke ƙasa da ƙugu.

Abin lura a nan shi ne aikatau biyu da dokar ta yi amfani da su. Duka ta haɗa shi da wanda ya faɗi, kamu kuma ta haɗa shi da ƙasan ƙugu. Saboda haka abin da Broughton ya kafa shi ne ƙugu a matsayin iyaka tsakanin halal da haram a jikin ɗan dambe, amma a kan riƙo irin na kokawa ya ɗora iyakar.

4.2 Dokokin Landan na 1838

Dokokin Broughton sun yi aiki kusan shekara ɗari. A 1838, bayan wani ɗan dambe da ake kira Brighton Bill ya rasu sakamakon karawa da Owen Swift, aka fito da sababbin dokoki da aka fi sani da dokokin fagen damben Landan, aka kuma yi musu kwaskwarima a 1853. Sun tanadi fage mai faɗin ƙafa 24 a kowane gefe, kewaye da igiya, sannan suka jera ayyukan da ake ɗauka keta ne, kamar karo da ka da cizo da ƙwaƙule ido da shuri. A cikin wannan jerin ne dukan da ya sauka ƙasa da ƙugu ya fito ƙarara a matsayin keta, tare da tsohon haramcin kamu da aka gada daga Broughton. Keta kuwa tana iya jawo wa mai ita asarar faɗan baki ɗaya, tare da kuɗin da magoya bayansa suka zuba. A nan ne abubuwa uku da salon ya ginu a kansu suka haɗu wuri ɗaya: duka, da layin ƙugu, da hukuncin rashin adalci.

4.3 Dokokin Queensberry na 1867

John Graham Chambers, ɗan yankin Wales, shi ya tsara waɗannan dokoki goma sha biyu a 1865, aka wallafa su a 1867 da sunan John Sholto Douglas, basarake na tara mai riƙe da sarautar Queensberry, wanda ya ɗaure musu gindi. Su ne suka wajabta safar hannu, suka sa kowane turmi ya zama minti uku da hutun minti ɗaya, suka ba wanda ya faɗi daƙiƙa goma, suka kuma hana kokawa. Babu ɗaya daga cikin dokokin goma sha biyu da ta ambaci ɗamara ko duka ƙasa da ƙugu. Abin da doka ta ƙarshe ta yi shi ne mayar da duk abin da ba a ambata ba ga dokokin Landan da aka gyara. Ta wannan ƙofa haramcin ya shiga damben zamani.

Ana iya fahimtar dalilin da ya sa aka jingina salon ga Queensberry. Sunan da kansa ya zama alamar wasa na gaskiya a Ingilishi, har akan ce wane yana bin dokokin Queensberry idan ana nufin yana hamayya cikin mutunci. Haka kuma lokacin da salon ya bazu da ma'anarsa ta aro, wato rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ya yi daidai da lokacin da waɗannan dokoki ke karɓe fage. Karawar John L. Sullivan da Jake Kilrain ta 1889 ita ce ta ƙarshe da aka yi da tsurar hannu a kan kambun ajin masu nauyi, a 1892 kuma James J. Corbett ya doke Sullivan a ƙarƙashin dokokin Queensberry. Haɗuwar lokaci ce ta sa aka ba sananniyar doka abin da ta gada daga wadda ta gabace ta.

4.4 Layin Ɗamara a Damben Zamani

Salon bai rabu da tushensa ba, domin har yau ana aiwatar da dokar a gaban jama'a. Ranar 12 ga Yuni, 1930, a filin Yankee na birnin New York, Max Schmeling na Jamus ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi bayan an kori Jack Sharkey a turmi na huɗu saboda naushin da ya sauka ƙasa da ɗamara. A 1996, sau biyu ana korar Andrew Golota a karawarsa da Riddick Bowe saboda wannan laifi, a watan Yuli da watan Disamba, alhali shi ne ke kan gaba a maki.

A ƙa'idar yau, ana auna layin ne da jiki, daga cibiya zuwa saman ƙasusuwan ƙugu, ba da inda ɗan dambe ya ga damar ɗaura wandonsa ba. Shi ya sa kafin a fara, alƙalin wasa yakan tara 'yan damben biyu a tsakiyar fage, ya ɗora hannu a bakin wandon kowannensu, ya nuna inda duka ya halatta, musamman idan ɗaya ya ja wandonsa sama. Wanda aka buga a ƙasan layin ana ba shi har minti biyar ya farfaɗo. Duk da haka gardama ba ta ƙarewa. A watan Agusta na 2023, a ƙasar Poland, Daniel Dubois na Birtaniya ya kai wa Oleksandr Usyk na Yukiren naushi a daidai bakin wando a turmi na biyar. Alƙalin wasa ya ce keta ce, ɓangaren Dubois suka ce halattaccen duka ne. Wannan jayayya a kan ainihin wurin da layin yake ta bi salon har cikin ma'anarsa ta aro.

5.0 Nazarin Ma'ana da Ƙira

5.1 Rukunan Ma'ana

Ana iya fitar da rukunai huɗu da sai sun cika salon yake dacewa. Na farko, akwai hamayya a fili tsakanin ɓangarori biyu, kuma kowa ya yarda da ita. Na biyu, akwai iyaka da aka sani, ko da ba a rubuce take ba. Na uku, harin ya sauka a wurin rauni wanda mutum ba ya karewa, domin ya sakankance ba za a taɓa wurin ba. Na huɗu, mai magana yana zargi ne, yana kuma kiran masu sauraro su zama shaida.

Misali zai fayyace wannan. 'Yan takara biyu suna muhawara a talabijin. Ɗaya ya ce abokin takararsa ya yi shekara huɗu a kan mulki bai kammala asibiti ko ɗaya ba, ya kawo alƙaluma. Maganar tana da zafi, amma babu mai kiran ta da wannan salo, domin a kan abin da aka taru dominsa ta sauka. Idan kuwa ya juya ya ambaci ciwon da matar abokin takarar ke fama da shi, ko ɗansa da ya faɗa shaye-shaye, nan take za a ce ya kai duka ƙasa da ɗamara. Ma'aunin shi ne inda harin ya sauka. Shi ya sa magana tana iya zama gaskiya tsantsa, amma a kira ta da wannan suna.

5.2 Daga Fagen Tushe Zuwa Fagen Sauka

Bisa ra'in Lakoff da Johnson, kowane ɓangare na hoton yana da takwara. 'Yan dambe su ne masu jayayya, naushi shi ne magana ko mataki, ɗamara ita ce iyakar mutunci, ƙasan ɗamara kuma shi ne sirrin mutum da iyalinsa da naƙasarsa da tsohon kuskurensa. Alƙalin wasa da 'yan kallo su ne jama'a. Tunda kowane yanki yana da abin da yake wakilta, salon ya faɗa cikin kashi na farko na rabon Nunberg da abokan aikinsa. Akwai kuma sakaya a cikinsa, domin an ambaci tufa an bar sunan gaɓar da ake nufi, abin da ya sauƙaƙa furta shi a majalisa da shafin jarida.

Wannan rarrabuwa ce ke ba da damar sarrafa shi. Shahararren misali shi ne maganar da ake danganta wa Margot Asquith, matar firaministan Birtaniya H. H. Asquith, a kan David Lloyd George, wanda ya maye gurbin mijinta a Disambar 1916. Ma'anar abin da ta ce shi ne, duk inda ya ga ɗamara sai ya kai duka ƙasanta. Ta wargaza jerin kalmomin ta sake gina su, amma manufar ba ta ɓace ba.

5.3 Ƙirar Salon

Ginshiƙin salon shi ne yankin "below the belt". Aikatau yana iya sauyawa tsakanin "hit" da "strike" da "punch", yana kuma iya faɗuwa gaba ɗaya, kamar a "that was below the belt". Yankin yana zama sifa kafin suna, a nan akan haɗa kalmominsa da karan ɗori. Yana karɓar kalmomin ƙarfafawa ko sassautawa irin su "well" da "a bit", wanda ke nuna cewa masu magana suna ɗaukar laifin a matsayin mai hawa-hawa. Kalmar ɗamara kuwa a tilo take zama. Sauya "below" da "under" yana kusantar da mai magana ga wani salo dabam, wato "under one's belt", wanda ke nufin abin da mutum ya riga ya samu ko ya ƙware a kai.

5.4 Bambancinsa da Makamantansa

"Low blow" ne kaɗai tagwayensa, tushensu ɗaya, sai dai shi suna ne. "Stab in the back" yana bukatar amana tsakanin mutanen biyu, kuma a ɓoye ake kai harin. "Move the goalposts", daga ƙwallo, yana nufin sauya sharaɗi bayan an fara. "It's not cricket" zargi ne mai faɗi a kan duk abin da bai dace da dattaku ba, kuma ya fi zama a Ingilishin Birtaniya. "Kick a man when he's down" ya dogara da halin da wanda aka cuta yake ciki, wato ya riga ya faɗi, abin da rabin farko na dokar Broughton ta bakwai ya hana. A cikinsu duka, salon da ake nazari da tagwayensa ne suka keɓanta da wurin da harin ya sauka.

6.0 Matsalar Fassara Zuwa Hausa

Fassarar kalma da kalma ba ta isar da saƙon, domin ɗamara a tunanin Bahaushe alamar shiri da himma ce, kamar yadda ake cewa an ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci. Mai fassara zai duba rukunin da ya fi rinjaye a jumlar ne. Idan keta iyaka ake nufi, "ya wuce gona da iri" ya wadatar. Idan mutunci aka taɓa, "cin fuska" ko "cin mutunci" ya fi kusa. Idan an ɗauko rashin mutum an jefe shi da shi a tsakiyar faɗa, kamar rashin haihuwa ko talauci, kalmar "gori" ta fi kowace dacewa. Idan sirri aka fallasa, akwai "tonon silili". Idan tsohon ciwo aka taɓo, a ce "ya fama masa miki". A labarin wasanni kuwa, inda ma'anar ta zahiri ce, sai a ce naushin ya sauka a mara, alƙali ya ce keta ce. "Cin amana" da "yankan baya" ba su dace ba, domin suna shigo da rukunin amana wanda babu shi a salon na Ingilishi.

7.0 Kammalawa

Kwatancen dokokin uku ya nuna cewa asalin salon mataki-mataki ne. Dokokin Broughton na 1743 sun kafa ƙugu a matsayin iyaka game da kamu, dokokin Landan na 1838 da gyaransu na 1853 sun ɗora haramcin duka a kan wannan iyaka, dokokin Queensberry na 1867 kuma suka gaje shi ba tare da sun ambace shi ba. Ta fuskar ma'ana, salon yana bukatar halattacciyar hamayya da sananniyar iyaka da wurin rauni da mai zargi, kuma waɗannan rukunai ne suka raba shi da sauran maganganun Ingilishi a kan rashin adalci. Ana ba masu tsara ƙamus na Ingilishi da Hausa shawarar su kawo takwarori fiye da ɗaya a ƙarƙashinsa, kowanne da muhallinsa, su kuma mayar da bayanin asalinsa ga dokokin Landan.